Karen Awakin Inna

Shekarar da dila ya addabi ƙauyenmu, Inna ta rasa ƴan awaki huɗu tsakanin kaka da bazara. Gidanta shi ne na ƙarshe ta gabas, a wani ƙauye kusa da Gangara. Tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai, da rumbu ɗaya da awaki goma sha. Ƙanwata da ke aure a Damagaram ta samu hujjar da take nema. Duk sati sai ta kira ni: "Yaya, yau dila ne, gobe ɓarawo. Ka ɗauko ta ta dawo wurina."

Inna kuwa ba ta son tashi. Ta ce a gidan nan ta haife mu, ta san kowace tukunya da wurinta, a birni sai dai ta zauna kan kujera tana kallon bango. Na ga gaskiyar su duka biyun. Na roƙi ƙanwata ta ba ni shekara guda. In ɓarnar ta tsaya, Inna ta zauna. In ba ta tsaya ba, ni da kaina zan kwashe kayanta.

Ni ɗan kasuwa ne. Hatsi nake saye a Gangara da Ollelewa, in kai Tanut da Belbeji. Da jaki ɗaya na fara, yanzu ina cika mota. Abin da na saba shi ne, in matsala ta zo, in nemi mai sayar da maganinta. Na tafi Damagaram na sayo kare irin na Turawa, ƙato, mai gashi, wanda haushinsa ke girgiza ƙofa. Mai sayarwar ya ce irinsa sojoji ke riƙewa.

Kwana ashirin ya yi a ƙauye. Karangiya ta cika masa gashi, ta shiga tsakanin yatsunsa har ya koma ɗingishi. Kaska ta mamaye kunnuwansa. Tuwo ba ya ci, sai shinkafa da nama, abin da Inna kanta sai ranar kasuwa take gani. Da hantsi ya ɗaga sai ya shige ƙarƙashin rumbu yana haki, harshe waje. Tausayi ya ba ni, don ba shi ya kawo kansa ba. Inna ta dube shi ta ce, "Ka kawo mini majinyaci. Da wa zan ji, da shi ko da awakin?" Na mai da shi birni, na ba wani mai gidan siminti da famfo.

Ina da aboki makiyayi da ke zaune arewa da Belbeji. Shekara ashirin yana sayen hatsi wurina, Hausarsa ta kasuwa ce, cakuɗe da Tamajak, harshensu na Buzaye. Na sha ganin karnukansa a bayan raƙuma, dogayen ƙafafu, siririn ciki, gashi kwance kamar an aske. Ban taɓa ɗaukar su a bakin komai ba, ina ganin yunwa ce ta ramar da su. Ranar kasuwa na ba shi labari, ya yi dariya har amawalinsa ya zame. Ya ce karyarsa ta haihu.

"Nawa za ka sayar mini da ɗaya?" na ce.

Dariyar ta tsaya. Ya gyara rawani, ya zuba shayi, bai miƙo mini ba.

"Mai hatsi, kai komai tiyar awo ne a wurinka. Ka taɓa jin na sayar da kare?"

"To in ba ka buhu."

"Buhun ma saye ne. Kare ba a sayar da shi, bayarwa ake. Kuma ba na ba gidan da ban gani ba."

Ban san yadda ake cinikin abin da ba shi da farashi ba. Daga baya ya miƙo shayin, ya ce in zo in ɗauke shi mu je ya ga gidan bayan sati uku, in kwikwiyon ya yi ƙwari.

Haka muka je, yana gaban mota da kwikwiyo ja a cikin rigarsa. Ya gaida Inna daga bakin zaure, sannan ya zagaya gidan. Ya duba danga, ya duba turken awaki, ya tsuguna ya ga ramin da dila ke bi. Inna tana kallonsa daga kan tabarma.

"Baƙo, aure ka zo nema ko kare ka kawo?"

"Inna, ɗiya na kawo, dole in ga gidan miji."

"To ka ji sharaɗina. Ina salla. Ba ya shiga ɗakina, ba ya taɓa butata, ba ya lasar ƙwaryata."

"Mu ma muna salla. Namu ba sa shiga tanti. Ki ware masa kaskonsa. Ki sa shi cikin awaki tun yau, ya sha nononsu, ya kwana da warinsu. In ya girma zai ɗauka danginsa ne."

"Me yake ci?"

"Abin da kika ci ya rage. Kunu, tsaki, ɗan nono. In kika ga haƙarƙarinsa kada ki ce yunwa, haka Allah ya yi su."

Inna ta tashi, ta ɗauko wani fasasshen kasko, ta zuba nono, ta tura da ƙafa. Da kwikwiyon ya sa baki, abokina ya ce mu tafi. A hanya na sake gwada zancen buhu ta wata siga, na ce kyauta ce ga iyali. Ya ce in bari sai wata shekara, lokacin da ba zai yi kama da biya ba.

Ba a ga amfaninsa nan da nan ba. Yana ƙarami dila ya sake ɗauke ɗan akuya ɗaya, ƙanwata ta kira ta ce, "Ka gani ko?" Na ce shekara ba ta cika ba. Da damina ta wuce ya miƙe, ya fi awakin tsawo. Yana bin su kiwo, ya dawo da su. Karangiya ba ta kama shi, rana ba ta damunsa. Ba shi da yawan haushi, amma maƙwabta sun ce sun ga ya kori dila har bayan gonaki. Daga nan ba a sake rasa ko ɗaya ba. Ni da na kawo shi, in na zo sai ya tsaya nesa yana kallona kamar mai karɓar haraji.

Bayan babbar Salla ƙanwata ta zo da mota, da niyyar ɗaukar Inna duk da haka. Ta ce awaki sun tsira, amma tsufa fa? Ta ce a ba maƙwabci karen. Inna ba ta yi gardama ba. Ta miƙa mata kaskon kunu ta ce, "Ungo, ba shi."

Ƙanwata ta ajiye masa. Ya sunsuna, ya koma inuwar danga ya kwanta. Maƙwabcin ya gwada, ni ma na gwada, bai ko ɗaga kai ba. Sai da Inna ta tura kaskon da ƙafarta ya taso ya shanye.

"In na tafi, wa zai ci da shi?" ta ce. "Amana aka ba ni."

Ƙanwata ta dube ni, na ce ni dai na cika nawa alkawarin. Sannan ta fita ta buɗe bayan mota, ta sauke shinkafa da man da ta sayo don gidanta, ta kai ɗakin Inna. Ta ce za ta riƙa zuwa duk wata, kuma a gyara dangar gabas kafin ta dawo.