Zankon Turawa

Babana magini ne. A Matameye, in ka ga soro da zanko tsaye cak kamar an auna da zare, to hannunsa ne. Bai iya karatun boko ba, amma bai taɓa yarda akwai ginin da ya fi ƙarfin idonsa ba.

Wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwarmu yana da ɗa mai karatu a ƙasar Irland. Ɗan ya turo hoton titinsu a salula: gidaje jere, kowanne da wani dogon abu na jan bulo a kansa, an yi masa wuya da baki, har da ado. Alhaji ya kira Baba ya ce irin wannan yake so a sabon gidansa.

Baba ya ƙura wa hoton ido ya ce, "Ashe su ma suna zanko. Sai dai ɗaya suke yi, a tsakiya."

Sati uku ya yi a kai. Da kansa ya ƙona bulon, ya jera shi layi-layi, ya cika cikinsa tam da siminti don kada iska ta taɓa shi. Wallahi ya yi kyau! Ranar kasuwa har mutanen garin Dawce na tsayawa kallo.

Sai ɗan ya zo hutu. Ana cike a ƙofar gida ya ɗaga kai, ya tambayi inda ramin yake. Wane rami? Ya fashe da dariya, ya dubi babana: "Baba, ai bututun hayaƙi ne! Wuta ake hurawa a ɗaki saboda sanyi." Wuta a ɗaki, a garin da muke kwana a tsakar gida don zafi. Kowa ya dara, har Alhajin da jiya-jiya yake nuna wa baƙi.

Daga ranar aka laƙaba wa Baba "mai hayaƙi", kuma bai sake ɗora wa gini ado ba har ya rasu. Na ji haushin wannan sosai, har yau ina ji.

Ɗan Alhaji ya zo mana gaisuwar rasuwa. Da zai tafi ya rage murya ya ce mini, gidan da ya zauna can ma an daɗe da toshe nasu, ba a hura komai, don kyau kawai aka bar shi.

Na ce, "Tun wancan zuwan ka sani?"

Ya ce ya sani, ya dai ga mutane suna jin daɗin dariyar ne.