Rassan Gawon da Na Kwashe a Kan Titi

Na manta abubuwa da yawa na zamanin ƙuruciyata, amma ranar da na kwashe rassan gawo daga kan titin Gusau zuwa Funtuwa tana nan daram a raina, kuma da ita za a binne ni.

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira ce, shekarar da damina ta yi mana rowa. Ina zaune a 'Yandoto, ina da mata ɗaya, jaki ɗaya da raguna uku, kuma ragunan nan sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Abin da ya rage mini shi ne wani gawo a gonata ta bakin titi. Kowa ya san gawo, da rani yake ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Ina lallaɓa shi, ina saran reshe ɗaya ko biyu a rana ina kai wa ragunan.

Ran nan da hantsi na iso gona, sai na tarar an yi wa gawon aski. Na duba titi, ga rassana a kan kwalta, ɗaya nan, ɗaya can, har suka sha kwana. Kai, raina ya ɓaci! Na ce wato wani ya sare mini gawo, kuma ko kwashewa bai iya yi ba. Ban bi su na ga inda suka ƙare ba. Na tattara na kusa da ni, guda shida, na ɗaura wa jaki, na kama hanyar gida ina ta zage-zage.

Ban kai ƙofar gari ba na ji ƙarar karo. Ashe bayan kwanar akwai babbar mota da ta lalace a tsaye, shaƙe da gyaɗa. Direbanta ne ya sari rassan ya jera, domin da haka ne direbobi suke yi wa juna gargaɗi cewa akwai matsala a gaba, sannan ya tafi Tsafe neman makaniki. Wata motar auduga daga Bunguɗu ta shawo kwanar da gudunta, ba abin da ya ce mata ta rage, ta afka wa ta tsayen. Direban audugar bai mutu ba, amma a asibitin Gusau aka yanke masa ƙafar dama.

'Yan sanda suka zo suka auna titi da igiya. Rassa biyu kacal suka samu, dab da motar. Da direban motar gyaɗar ya dawo da makanikinsa, suka sa masa ankwa. Kirista ne mutumin ƙasar Jos, dattijo mai furfura, Hausarsa tas. Ina tsaye cikin 'yan kallo ina jin sa yana cewa, "Ranka ya daɗe, takwas na jera. Tun daga bakin gonar can na fara." Sajan ya ce, "To ina suke? Tashi suka yi?" Ni kuwa na san inda suke, suna gaban raguna. Na ja bakina na yi shiru, don tsoro ya kama ni, ba wani dalili ba.

Wata huɗu ina ɗauke da maganar nan. Labari yana zuwa daga tashar Tsafe cewa mutumin yana tsare, kuma in aka tabbatar bai sa alama ba, ɗauri ne na shekaru, a kuma karɓe lasinsa. Da abin ya ishe ni na gaya wa mahaifina. Yana gyaran galma, bai ko ɗago kai ba.

"Mi ka ce?"

Na maimaita.

"Ragunan sun ci?"

Na ce sun ci, Baba.

"To, gobe ka tahi Gusau ka hwaɗi. In ba ka tahi ba, ni za ni."

Na tafi. A kotun majistare aka rantsar da ni, na faɗi komai, har launin igiyar da na ɗaure rassan da ita. Aka yi ta kai da komo. Ma'aikacin duba motoci ya ba da shaida cewa birkin motar audugar ya cinye, kuma lodin ya wuce ƙa'ida. Direban da ya rasa ƙafa ya ce sau uku yana gaya wa maigidansa maganar birkin, ana ce masa a bari sai an gama kakar auduga. Alƙali ya ɗora nauyin diyya a kan mai motar audugar, ya wanke dattijon, ya ce ya yi abin da direba zai yi. Ni kuwa ya dube ni ta saman tabarau, ya ce doka ba ta tanadi komai ba ga wanda ya kwashe rassan gonarsa, amma na san abin da na yi. Aka sallame ni.

A bakin kotu na tarar da dattijon a zaune kan dakali. Ya rame, kuma na ji an ce tuni maigidansa ya ba wani motar. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Wallahi ban san alama ce ba."

Ya dube ni ya ce, "Na yarda ba ka sani ba, ɗana. Ni ma na sari itacenka ban tambaye ka ba. Wannan duk kuskure ne. Amma ranar da aka sa mini ankwa na gan ka a tsaye. A lokacin ka riga ka sani."

Ya tashi ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Abin da na koya ke nan. Hatsarin kansa mu da yawa muka haɗa shi: mai motar da ya ƙi gyara birki, lodin da ya wuce kima, da ni da jakina, kuma kotu ta ba kowa rabonsa. Wata huɗun da bawan Allah nan ya kwana a tsare kuwa, babu birki a ciki, babu lodi. Ni kaɗai na yi masa su, da bakina a rufe.