Ranar da Rage-Tsawo Ya Sa Wa Aku Tef

A ƙasan wani tsohon bene, a layin masu gyare-gyare, akwai shagon wani tela da kowa ke kira Rage-Tsawo. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Tun da ya hau keken ɗinki bai taɓa ɗinka rigar da wani ya tsaya ya tambayi wa ya ɗinka ta ba. Abin da ya iya shi ne a kawo wando ya yi tsawo ya datse, ya yi kalmasa. Shi ma ɗin sai ka tsaya a kansa, don in ka ce ya rage kaɗan ka juya baya, za ka dawo ka tarar da wandonka ya tsaya a ƙwauri. In ka yi magana ya dube ka sama da ƙasa ya ce ai ƙafarka ce ba daidai ba.

Gajere ne, kullum da tef rataye a wuya, ko wanka zai shiga sai an tuna masa ya cire. Ya yarda har cikin ransa cewa komai na duniya an yi shi da ɗan saura da ya kamata a datse, kuma shi aka bar wa aikin. Masu koyon ɗinki da yawa sun zauna a ƙarƙashinsa, bai nuna wa ko ɗaya yanka ba, sai guga da ɗinka maɓalli, wai kada su iya su gudu. Suka gudu ba su iya ba. 'Ya'yansa sun tashi a saman benen nan ba su jin komai daga bakinsa sai "ina za ka?" da "wa ya ba ki izini?" Da suka yi ƙarfi kowa ya kama gabansa, sai dai su kira uwarsu a waya, a ƙarshe su ce ta gaishe shi. Ita kuwa matar, wadda layin ke kira Maman Yara, ta daɗe da gane cewa musu da shi asarar yawu ne.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya da ke murnar ganinsa, shi ne aku. Ƙanwarsa ce ta bar masa da za ta ƙaura gari mai nisa da mijinta. Aku ne ruwan toka mai jan bindi, da ido kamar na tsohon da ya san sirrin kowa. Rage-Tsawo ya sa masa suna Ɗan Gida, ya zauna ya yi ta fama da shi har ya koya masa magana biyu: "Ranka ya daɗe, Oga!" da "Oga ya iya!" Mutumin da bai iya koya wa ɗan Adam yanka hannun riga ba, ga shi ya yi haƙurin koya wa tsuntsu yabonsa. In akun ya faɗa a gaban masu kawo gyara, sai ka ga bakin tela har kunne, yana gyara tef a wuya.

Ɗan Gida ba a kulle yake ba. A baranda yake kwana, a saman bene. Da safe, in Mai Rediyo da ke tsallaken titi ya buɗe shagonsa ya yi fito, sai akun ya saki ƙarfen barandar, ya ratsa saman titi, ya sauka a kan teburin da aka zube wayoyi da batura. Ya ci gyaɗarsa, ya saurari rediyoyi, in hantsi ya yi ya dawo shagon tela ya hau sandar rataye kaya. Bai taɓa fashin dawowa ba.

Wata rana shagon na cike, akun ya dawo ya sauka a sandarsa. Rage-Tsawo ya ɗaga kai yana jiran gaisuwarsa. Sai tsuntsun ya karkata kai ya kece da dariyar Mai Rediyo, dariyar nan tasa mai kama da injin da ya ƙi tashi, ya ɗora da, "Shigo daga ciki, abokina!" Shago ya ɗauki dariya. Wani direba da ya kawo gyaran zif ya ce, "Oga, akun nan fa ya kusa sauya ubangida."

Wasa direban ya yi, amma maganar ta shiga ƙirjin tela ta zauna. Tsoro ne ya kama shi, tsoron wata safiya Ɗan Gida zai tsallaka ya ƙi dawowa, kamar sauran. Da yamma yana cin abinci ya ce wa matarsa, "Zan rage masa fiffike."

"Wa?"

"Ɗan Gida. Yawonsa ya yi yawa."

Maman Yara ta ajiye cokali. "Haba Baban Yara. Me ya yi maka? Ba yana dawowa ba?"

"Gashi ne fa kawai, kamar aski. Kin taɓa ganin wanda ya yi kuka don an yi masa aski?"

"Wanda aka yi wa aski da ƙafarsa yake komawa gida. Shi kuwa wannan da gashin yake tafiya. Wallahi rashin tausayi ne."

"Tausayin ke nan! Ga shaho, ga wayar lantarki, ga motoci. Masu kiwon aku duk suna yi. Ke me kika sani?"

Gaskiya ne akwai masu yi. Wasu kan ɗan taɓa bakin dogayen gashin don kada tsuntsu ya faɗa wa fanka, ko ya fita ta taga ya ɓace, su bar masa abin da zai sauka ƙasa a hankali. Ko wannan ɗin ma mutane na jayayya a kai, wasu na cewa kariya ce, wasu na cewa ɗauri ne da ba a ganin igiyarsa. Amma Rage-Tsawo ba ya cikin masu wannan jayayya. Shekarun da akun ya yi yana ratsa titin nan bai taɓa tuna shaho ba, sai ranar da aka yi masa dariya.

Ya jira ranar da matar ta tafi dubiya. Ya sauke labulen shago, ya naɗe akun cikin ƙyalle, ya kwantar da shi a kan teburin yanka. Da wani ne, da ya je ya tambayi wanda ya taɓa yi. Shi kuwa tela ne, kuma a wurinsa fiffike biyu da ƙafafun wando duk ɗaya ne, dole su zo daidai. Ya ware na dama, ya sa tef, ya ja layi da alli, ya datse da babban almakashinsa. Ya ware na hagu ya datse. Ya haɗa su ya kanne ido, sai ya ga na hagu ya ɗan fi tsawo, don tsuntsun na mutsu-mutsu. Ya rage na hagun. Yanzu kuma na dama ya fi. Ya koma na dama. Gashi na zuba a kan tebur, shi kuwa yana tsaki yana cewa, "Tsaya mana, gyara ka nake yi."

Haka ya yi ta hawa, har almakashin ya kai ga wani sabon gashi mai tsirowa, wanda jini ke cikin kararsa. Ɗan Gida ya yi wata ƙara da ba wanda ya koya masa. Jini ya ɓata alli, ya ɓata wandon wani malamin makaranta da ke gefe. Tela ya tsaya riƙe da almakashi, ya rasa abin yi, sai ya fara goge wandon.

A haka Maman Yara ta shigo ta same su. Ta ɗauki akun, ta haura sama, ta danna garin fulawa a kan ciwon ta riƙe har jinin ya tsaya. Sai da ta sauko ta dube shi ta ce, "Hankalinka ya kwanta?"

Akun ya yi kwanaki a keji. Ba ya gaisuwa, ba ya dariya, sai ya takure a lungu ya sa kai cikin gashi. Rage-Tsawo ya riƙa gaya wa masu kawo gyara cewa yanzu tsuntsun ya natsu, ya san gidansu. Da ciwon ya bushe, sai ya so layin gaba ɗaya ya ga aikinsa, musamman wani da ke tsallaken titi. Da sassafe ya fito da akun ya nufi baranda.

"Kada ka ɗora shi a ƙarfen nan," in ji matar. "Ajiye shi a ƙasa. Shi fa bai san ka yanke ba."

"Aku ne, ya fi ki wayo. Zai ji a jikinsa ya zauna."

Ya ɗora shi, ya ja baya ya harɗe hannu. Can ƙasa Mai Rediyo yana buɗe shago. Bawan Allah bai san abin da aka yi ba, ya ɗauka rashin lafiya ce ta ɓoye abokinsa. Da ya ɗaga kai ya hango shi, sai murna ta kama shi, ya yi fito.

Ɗan Gida ya miƙe wuya, ya girgiza jiki, ya saki ƙarfen kamar kullum. Ya kaɗa guntayen fukafukan da iya ƙarfinsa, ba su kama komai ba. Ya faɗo da ƙirji a kan simintin bakin kwata.

Maman Yara ce ta fara isa, ko takalmi babu. Ta ɗauke shi a tafin hannu, ya buɗe baki sau ɗaya, ya saki wuya. Mutane suka taru. Rage-Tsawo ya iso yana haki, ya nuna Mai Rediyo da yatsa. "Kai ne! Wa ya ce ka yi masa fito?"

Mai Rediyo ya dubi fukafukan, ya dubi tela. "Oga, kullum ina yi masa fito. Bai taɓa faɗowa ba."

Tela ya sauke yatsansa. Ya zauna daɓas a dakalin shagonsa, sai ga hawaye shar, abin da layin bai taɓa gani ba. Har wasu sun fara jin tausayinsa, Maman Yara ma ta matso za ta dafa kafaɗarsa. Sai ya share hanci da bayan hannu ya ce, "To yanzu wa zai riƙa gaishe ni?"

Ta janye hannunta. "Au, kanka kake yi wa kukan?"