Bayan Rumbun Baba

Ni ban shiga makarantar boko ba. Ƙawata, ɗiyar maƙwabcinmu a ƙauyenmu na wajen Kebbe, ita aka kai Tambuwal wurin gwaggonta take karatu. Duk hutu in ta dawo, sai ta ja ni bayan rumbun babanmu da gawayi a hannu, tana rubuta min baƙaƙe a jikin yaɓen. Masifaffiyar malama ce. In na kira "d" a madadin "b" sai ta ce kaina ya fi turmi tauri, ni kuma in ce bokon banza ne ya kumbura mata kai.

Hutunta na ƙarshe ta cike bayan rumbun tun daga sama, layi bisa layi, ta ce in bi su a hankali kafin ta dawo. Na ƙasa shi ya fi tsawo. Ta ƙi karanta min shi, wai sai na kai can da kaina.

Da bazara sanƙarau ya ɗauke ta a Tambuwal. Can aka yi mata sutura, ko gawarta ban gani ba.

Daga nan na koma bayan rumbu kamar mai taɓin hankali. In na gama surfe sai in durƙusa, ina bin rubutunta da yatsa, ina haɗa baƙi da wasali ni kaɗai, ina kuka. Innata har ta fara maganar a nemo min rubutun sha. Sauri nake yi, don na san kowace shekara ana sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka. Na roƙi Baba ya bar min gefen nan har in kai ƙasa. Ya ce to.

Ranar da aka aike ni Fakku kai wa kakata hatsi, hadari ya fara haɗowa, Baba ya kwaɓa laka. Na dawo na tarar da rumbu sumul.

"Ke ɗiya, mi kika ma kuka?" in ji shi. "Ƙazantar gawayi ta fa."

Saura layi biyu in kai.

Yau ba abin da ba na karantawa, har takardar magani ake kawo min. Na san halinta, ƙila ma tsiya ce ta rubuta min a layin nan. Baba ya rasu, ina yi masa addu'a kullum, amma wallahi har yanzu ban huce ba.