Maƙalar da Zayyanu Bai Buga Ba

Duk Bahaushen da ya zauna a unguwar Al-Naseem ta Riyad ya san Dakta Zayyanu, ko da bai san aikinsa ba. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya. In kuna magana ka yi tari, sai ka ga ya bar sauraron zancenka ya koma sauraron tarin. Shi ba likitan asibiti ba ne, ko allura bai iya ba. Karatunsa a kan cututtukan da sana'a ke jawo wa mai ita ne.

Mutumin Funtuwa ne. Mahaifinsa a gidan gurzar auduga ya ƙare ƙarfinsa, ya rasu yana barci a zaune, don in ya kwanta numfashi gagararsa yake. Dangi wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce sanyi. Sai da Zayyanu ya shiga jami'a a Zariya ya ji sunan ciwon a bakin wani malami, a aji, kowa na ta rubutu. Daga nan ya san inda zai sa gaba. Ya bi masu fasa dutse, ya bi masu walda da masu fentin mota, yana ɗauke da 'yar na'urar da ake hurawa a ga ƙarfin huhu. Abin da ya gano ya rubuta, mujallun kimiyya suka buga. Sunansa ya fara zagayawa a tsakanin masana, amma albashin lakcara bai taɓa kai shi ƙarshen wata ba.

'Yarsa Marwa ce ta fitar da shi daga gida. Da sikila aka haife ta. Akwai wata kwanciya da ta yi, likitoci na yajin aiki, suka yini shi da matarsa Ikilima suna zagaye gari neman jini, yarinya na ta sanƙarewa a kafaɗar uwarta. Allah ya sa da sauran kwana. Saboda haka da wata cibiyar bincike mai zaman kanta a Riyad ta neme shi, tambaya ɗaya ya yi: inshorar lafiyar ta haɗa da iyali? Aka ce ta haɗa. Ya sa hannu.

Shekarun farko sun yi daɗi. Marwa ta yi kumatu, ta shiga makaranta, Larabci ya zauna a bakinta fiye da Hausa. In ciwon ya motsa, kati kawai ake miƙawa a ba ta gado. Sai dai cibiyar tana da ƙa'ida, kuma ba a ɓoye masa ba: mai bincike da maƙalolinsa ake auna shi. Duk lokacin sabunta kwantiragi kwamiti zai zauna ya duba abin da ka buga. Wanda shafinsa ya bushe, aikinsa ya ƙare. In aiki ya ƙare, iƙama, wato takardar zama, ta bi shi, inshora ma haka.

Abokan aikinsa sun iya zama da wannan ƙa'ida. Bincike ɗaya sai su yanyanka shi gida uku, kowanne ya zama maƙala. Zayyanu ma ya yi hakan da farko. Amma wata rana aka tura shi auna iska a wata masana'anta a Birnin Masana'antu na Biyu, inda ake yanka dutsen haɗi da ake shimfiɗawa a kan teburin kicin. Yana shiga rumfar ya ga mutane fari fat kamar an barbaɗa musu garin alkama, ana yanka a bushe, ba ruwa a bakin zarto da zai kwantar da ƙura. Ya tsaya ya saurara. Ƙarar injin ba ta hana shi jin tarin ba.

Ya ajiye duk wasu ƙananan ayyuka ya rungumi wannan. Masu kamfanin suka ba da izini da hannu biyu, a zatonsu takardar yabo za su samu. Kusan shekara biyu yana zuwa yana auna ma'aikatan, 'yan Bangaladash, 'yan Sudan, da Hausawa 'yan kaɗan. Cikinsu akwai Maikuɗi, mutumin Gumel, kakkaura mai yawan raha, wanda shi ya riƙa lallashin sauran su zo su hura na'ura. "Ku zo Dakta ya auna muku iskar taya," haka yake ce musu. Shi ne kuma wanda hoton ƙirjinsa ya fi na kowa muni.

Da sakamako ya haɗu, Zayyanu ya san ya riƙe aikin rayuwarsa. Maƙala ce da za ta shiga babbar mujalla, ta tsare masa aiki, ta kuma tilasta a gyara rumfar. Ya aika wa kamfanin kwafi kamar yadda yarjejeniya ta ce. Ba a jima ba lauyansu ya janye izinin.

Shugaban sashensu, Dakta Kamil, dattijo ne mai son Zayyanu. Ya kira shi ofis, ya zuba masa gahawa da kansa.

"Ba izini, ba bugu," in ji shi. "Ka sani, na sani. Kwamiti kuma ya kusa zama, shafinka babu komai tun bara waccan."

"Mutanen nan mutuwa suke yi, Dakta."

"Ban musa ba. Amma ba da kai kamfanin ya ƙulla yarjejeniya ba, da cibiya ne, cibiya kuwa ba za ta shiga shari'a ba." Ya juya kofin hannunsa. "Ɗalibaina na da maƙala a kan ruwan tankunan gidaje, ta kusa fita. Zan sa sunanka a ciki. Kai kuma ka miƙa bayanan dutsen nan a rufe, ka sa hannu ba za ka kai su ko'ina ba. Iyakar abin da zan iya yi maka ke nan."

Zayyanu bai taɓa leƙa tankin kowa ba. Ya ce a ba shi lokaci.

Ya nemi wata hanya kamar mai neman allura a rairayi. Ya je wurin manajan masana'antar, aka bar shi zaune a ɗakin jira har aka tashi aiki. Ya ce zai cire sunan kamfani da na gari, lauya ya ce ko hakan bai yarda ba. Ya tono wani tsohon aikinsa na masu walda ya gyara ya aika wa mujalla, suka dawo da shi suka ce bayanan sun tsufa. Ya nemi aiki a wasu cibiyoyi, kowa ya buɗe shafinsa sai ya ga ramin shekara biyu, ya yi shiru. Abinci ya daina shiga. Ikilima ta riƙa ganin wandonsa na zamewa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tuƙa mota zuwa masaukin ma'aikatan. Ya sami Maikuɗi a inuwar gini yana wanke rigar aiki, yana yi yana hutawa.

"Malam Maikuɗi, zuwa na yi in gaya maka gaskiya. Ƙurar nan ta cinye maka huhu, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. In ka ci gaba, ba za ka daɗe ba."

Maikuɗi ya matse rigar ya shanya. "Ai na ji a jikina, Dakta. Matakalar bene ma sai na tsaya a tsakiya."

"To ka bari."

"In bari in je ina? Kafil, ubangidan da ke riƙe da bizata, bai sake ni ba. Ga yara a makaranta, ga tsohuwa." Ya yi murmushi. "Ba ka ce in takardarka ta fito za a sa ruwa a injin ba? Mu ita muke jira. Har na gaya wa yaran nan su yi haƙuri, Dakta na kan hanya."

Zayyanu ya ciro makullin motarsa. Ya ce Allah ya sa mu dace, ya shiga mota.

Cikin makon nan ciwon Marwa ya tashi a makaranta. Ya same ta a asibiti an ɗaura mata ruwa, tana cije leɓe tana kiran ƙafarta da Larabci. Ma'aikatan jinya na shiga suna fita, magani na zuwa ba tare da an ce ya je ya nemo ba. Da yarinyar ta sami barci, Ikilima ta jawo shi baranda. Ta riga ta san komai, shi ya gaya mata.

"Abban Marwa, ni ban yi karatunka ba, amma na san abu ɗaya. In ka ƙi sa hannu, takardar nan za ta fito?"

"Ba za ta fito ba."

"Za a sa wa injin ruwa?"

"A'a."

"To me ƙin zai saya wa Maikuɗi? Mu dai na san abin da zai jawo mana. Ka manta ranar da muka zagaye Zariya da ita a kafaɗa? Wallahi ba zan iya sake wannan ba."

Washegari ya je ofishin Dakta Kamil ya sa hannu. Da maƙalar ruwan tanki ta fito, ya ga sunansa na biyar a jerin marubuta, bai iya karanta ta ba. Kwamiti ya zauna, ya ce maƙala ɗaya ta yi kaɗan, ya ba shi shekara guda a matsayin gwaji.

Maikuɗi kuwa ya faɗi a bakin injin ana tsakar zafi. Kamfanin ya kai shi asibiti, daga nan aka ce ba ya iya aiki, aka buga masa bizar fita. Zayyanu ne ya kai shi filin jirgi. A hanya ya gaya masa cewa takardar ba za ta fito ba, ya kuma gaya masa dalili, bai rage komai ba.

"Yaya jikin yarinyar?" Maikuɗi ya tambaya.

"Da sauƙi."

"To alhamdu lillahi." Zayyanu ya haɗa shi da wata likitar ƙirji a Kano, Dakta Nazira, wadda suka yi karatu tare, ya tura masa keken marasa lafiya har inda aka tsayar da masu rakiya.

Yanzu Zayyanu yana bincike a kan kujerun ofis da ciwon baya. Ba wanda zai janye izini a kan wannan. Yana yanyanka shi gida uku kamar kowa, shafinsa ya fara cika. Ya daina bin hanyar kudu, inda masana'antar take, ko da aiki ya kai shi, sai ya roƙi wani ya je.

Kwanan baya yana cin abincin rana wata baƙuwar lamba ta kira shi daga Najeriya. Muryar magidanci ce, cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, Sadiƙ ne, ƙanin Maikuɗi. Wajen Yaya na sami lambarka."

"Yaya jikin nasa?"

"Yana nan dai, sai da iskar kwalba yake kwana. Dama na kira ne in sanar da kai, ejan ya samo mini biza. Kamfanin da Yaya ya yi aiki ne, sun ce suna neman mutane."

Zayyanu ya ajiye cokali. "Sadiƙ, kada ka zo. Don Allah kada ka zo. Abin da ya kwantar da yayanka yana nan, ba a canza komai ba."

"Shi ma haka ya ce. Amma ranka ya daɗe, gida biyu ne yanzu a kaina, ga maganinsa. Gonar ma an riga an sayar an ba ejan. Jirginmu ranar Alhamis ne."

Zayyanu ya yi ta magana, ya kawo misali, ya yi rantsuwa. Sadiƙ na ta cewa "haka ne, ranka ya daɗe," irin ta wanda ya riga ya ɗaure kayansa. Daga ƙarshe Zayyanu ya gaji, ya ce ya turo masa lokacin saukarsu.

Da aka tashi aiki ya biya wani shagon kayan ma'aikata a unguwar Al-Suwaidi, ya ce a ba shi takunkumi mafi kyau da suke da shi, mai matatar da ake canzawa. Ya fi kowa sanin cewa a rumfar da ake yanka dutse a bushe, takunkumi jinkiri kawai yake sayowa. Mai shagon ya tambaye shi guda nawa. Ya tsaya yana tunanin mutanen da ke cikin rumfar, sannan ya ce a ba shi ɗaya.