Kalaba Uku

Wata biyu Inna ta yi a kwance bayan ɓarin jikinta ya shanye, kuma a wata biyun nan ba a yarda ruwa ya taɓa kanta ba. Haka tsofaffin gidanmu na Ƙofar Dumi suka yanke, wai sanyi ta ka yake shiga mara lafiya. Jiki a goge da tsumma, kai kuwa a naɗe da kallabi biyu. Ni ma da karatuna na bi su a haka.

Ranar da na kwance kallabin sai da na nemi wuri na zauna. Kitson da aka yi mata tun kafin ciwon ya cukurkuɗe, ya dunƙule a ƙeya inda take kwanciya, ya yi tauri kamar soson wanka. Gashin da Inna ta yi rayuwarta tana taƙama da shi ke nan.

Yayana ya leƙo ya ce a aske kawai, ranar Juma'a zai zo da almakashi kafin ƙuraje su fito. Shi da ba ko sili a kansa, ai abin da sauƙi. Inna da kyar take haɗa kalma, amma ta damƙe ni da hannunta mai lafiya.

"Kar ku aske ni. Da gashina zan tafi."

Kwana uku gare ni. Na kwaso man kaɗanya na lafta. Na ƙara man kwakwa, na ƙara na zaitun, har man shanu sai da na narka. Gashi ya yi ta ƙyalli, matashin kai ya ɓaci, amma da na sa matsefi sai ji kake ƙas, yana karyewa. Hawaye na ta gangarowa cikin kunnen Inna. Na shige banɗaki na yi kukana, na tsani hannuwana.

Da safiyar Alhamis na hau keke zuwa Gwallameji wurin makitsiyata, wata 'yar Bogoro da ke kitso a barandar gidanta. Roƙo na yi kamar zan durƙusa, har ta bar mata biyu suna jira ta biyo ni. Ta taɓa kan Inna, ta murza yatsunta, ta tambayi rabonsa da ruwa. Na faɗa mata, kunya kamar ta kashe ni.

"Anti, gashin nan ƙishi ne yana ji," in ji ta. "Mai ba ya jiƙa komai, ƙofa ne kawai yana rufewa. Ke kin rufe ƙofa, ruwa yana waje."

Da Iya, yayar Inna, ta ga na ɗauko buta, sai ta hau faɗa, wai zan kashe mata ƙanwa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce ta fita, na danna sakata. Na san in Inna ta tashi da zazzaɓi, ni ce.

Da ruwan ɗumi da sabulu muka wanke shirmen da na yi. Makitsiyar ta ajiye matsefi, da yatsu take warwara, sili-sili, tana yayyafa ruwa, sannan ta bi da mai ɗan kaɗan a kan damshin. Tun hantsi har la'asar. Ƙulli ɗaya ne ya gagara, muka yanke shi, bai fi ƙwallon goriba ba.

Inna ta ƙara wata huɗu. Duk bayan kwana biyu ruwa, sannan mai. Sanyi bai kama ta ba, Iya kuma ko gaisuwata ba ta amsawa.

Ranar da muka yi wa Inna wankan ƙarshe, Iya ce ta raba gashin gida uku, yadda ake yi wa mace kafin a sa mata likkafani. Ta yi kalaba biyu. Sai ta tsaya, ta matsa gefe, ba ta dube ni ba.

"Zo ki ƙarasa," ta ce. "Ke kika tsare mata shi."