Mijin Danyar Kaka

A gonarmu ta wajen Barmu akwai danya biyu. Ɗaya kowace bazara sai ta zubo mana da nunu, mu yi ta tsotsa har haƙoranmu su mutu. Ɗayar kuwa ko ƙwaya ba ta taɓa yi ba. Ita Baba ya ce zai sare a sassaƙa wa mahaifiyarmu turmi, tunda ban da inuwa ba ta tsinana komai. Su biyun nan suka rage a karkararmu, sauran duk sun zama turame da akusa, wasu fari ya kashe.

Ranar da ya faɗi haka lokacin ɗari ne. Mun gama cin tuwo, mun kewaye wutar kara a ƙofar ɗakin Kaka Ramu, mahaifiyarsa. Tsohuwar nan ba ta musu da ɗanta gaba da gaba. Sai ta zungure ni da ƙafa ta ce, "Kai angona, rago, matso. Ga wata tatsuniya nan tahe, mai gyangyaɗi shi ya sani." Amma ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga inda yake tufkar igiya.

Wai Danya ce ta raina Ƙarangiya. Ta ce mata, "Ke mi gare ki? Damina guda kin tsiro, kin tsufa, kin mutu." Ƙarangiya ta ce, "Haka ne. Amma kafin in mutu na liƙa ɗiyana a wutsiyar tumaki da bakin zanen mata, sauran na binne cikin rairayi. In ruwa ya ƙi zuwa su yi barcinsu su jira. Ke fa?" Ita kuwa Danya sai ta yi shekara da shekaru kafin ta fara haihuwa, ɗiyan kuma awaki su cinye su tun suna ganye biyu. Ga shi ba ta haihuwa ita kaɗai, sai ƙudan zuma ya kawo mata saƙo daga mijinta da ke tsaye can gefe, wanda mutane ke ce wa banza don ba ya ɗa.

Na ce, "To ran da aka sare mijin fa, Kaka?"

"Ta yi hure, ta jira, ta zubar. Baɗi ma haka." Ta tura kara cikin wuta. "Iyakarta ke nan, ku tashi."

Baba ya tuntsire da dariya. "Haba Inna, itace kuma da miji?" Muka taya shi, ni na fi kowa ƙarfin murya, har yau in na tuna kunya nake ji. Kwana uku tsakani aka kayar da itacen. Turmin ya yi kyau, wallahi, har yanzu da shi ake daka a gidanmu. Nunu kuwa tun daga wannan shekarar ba mu sake tsintar ko ɗaya ba.

Yanzu ina koyarwa a wata lakwal a Tawa, Kaka ta daɗe da rasuwa. Sai da na girma na gane cewa babban itace yana ruɗin ido. Ka gan shi kore shar, ka ce lafiya lau, alhali in babu ƙanana a ƙarƙashinsa zuriyarsa ta riga ta ƙare, tsayuwa kawai yake yi. Ƙarangiya kuwa, duk zuwan da na yi gona sai na zauna na cire ta daga wandona.

Bara na samo reshen namijin danya daga wani ƙauye wajen Tebaram, na kafa shi kusa da tsohuwar danyar, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Ya kama. Baba, da yanzu sai da sanda, shi yake kai masa ruwa a buta, ba wanda ya sa shi. Rannan ya tambaye ni shekara nawa zai yi kafin ya yi hure. Na ce da saura, Baba. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon tsohuwar danyar.

Ya ce, "Ni ba zan gani ba. Ita dai Allah ya sa ta jira."